Darasi: Nawa miji da mata za su zuba a asusun lafiya?

Darasin wannan karo na lissafi ne, amma lissafin da ya shafi cikin gida. Kowa ya ɗauko allonsa da alli, don akwai wuraren da za mu tsaya mu ƙirga tare.

Kun san yadda ciwo yake zuwa. Ba ya sallama. Ya fi son tsakiyar damana, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, aljihu kuma babu ko dala. Uwargida ta kwanta da masassara. Maigida ya ce a dakata sai ranar kasuwa. Ranar kasuwa a ja akuya. Mai saye ya dubi idon mai sayarwa, ya gane matsuwa ce ta kawo shi, ya taya da rabin kuɗi. Sau da yawa akuyar ma ta matar ce. Kafin a kai marar lafiya gidan likita an yi kwana huɗu, ciwon da ƙwayoyi kaɗan za su kashe ya zama na kwanciya da ƙarin ruwa.

Don maganin wannan ne aka ƙago asusun lafiya.

Mene ne asusun lafiya?

Mutane da yawa ne suke haɗa kai, kowa ya zuba kuɗi kaɗan tun yana da lafiya. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya kwanta, asusu ya biya masa babban rabo na kuɗin likita. Masu mota sun san irinsa, suna ce masa asiransi. A takardun gwamnati za ku ji ana cewa mitiwel. Wani dattijo a wani aji da na ziyarta ya ce shi ba ya shiga abin da sunansa ya yi kama da mutuwa. Aka yi dariya. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta taimakon juna, wato abin da muke yi ranar gayya. Tun shekara ta 2008 ƙasarmu take da dokar da ta tsara yadda ake kafa irin wannan asusu. Amma har yanzu garuruwan da suke da shi ba su da yawa.

Abin ba baƙo ba ne a Nijar. A shekara ta 1993 an yi wani gwaji a gundumomi biyu. A Sayi, duk wanda ya zo likita yana biya nan take: babba dala 40, yaro dala 20. A Boboy kuwa, wajen Birnin Gawure, an ɗora dala 40 a shekara bisa kowane mai biyan lanho, sa'an nan ranar ciwo babba ya ba da dala 10 kawai, yaro dala 5. Da aka duba sakamako, sai aka ga zuwa likita ya fi ƙaruwa a Boboy, musamman wajen mata da yara da talakawa. Dalili a fili yake. Dala 10 mace tana iya samunta a bakin zanenta. Dala 40 sai ta jira maigida.

Karanta kuɗi a takarda

Kafin mu shiga lissafi, mu tuna abin da muka koya. Da baki muna ƙirga kuɗi da dala da jika. Takarda kuwa da tamma take magana, ana rubuta ta da harafin F. Dala ɗaya tamma 5 ce. Jika ɗaya tamma 1.000 ce, wato dala 200. In ka ga an rubuta 3.500 F, kada gabanka ya faɗi ka ce dala dubu uku da ɗari biyar. Raba da 5. Dala 700 ke nan, jika uku da rabi. Mutane da yawa sun gudu daga abin da zai amfane su don sun karanta tamma da idon dala.

Ana ƙirga kai, ba a ƙirga aure

Ga tambayar da magidanta suke yi: in na shiga, matata ta shiga ke nan? A yawancin asusun da manoma da ƴan kasuwa suke shiga, amsa ita ce a'a. Ana ƙirga kai ne. Miji kai ɗaya, mata kai ɗaya. Aure bai mai da su mutum guda a littafin asusu ba.

Mu ɗauki misalin ƙasar Sanagal, don kuɗinsu irin namu ne, sefa. A shekara ta 2013 gwamnatin Sanagal ta kafa tsarin asusun lafiya na jama'a. Aka yanke ma kowane mutum 7.000 F a shekara. Gwamnati ta ɗauki rabi, mutum ya zuba rabi, wato 3.500 F. Ban da wannan akwai kuɗin shiga, 1.000 F, wanda ake biya sau ɗaya lokacin buɗe karne, ɗan littafin da ake rubuta sunayen mutanen gida a ciki.

To, ku rubuta a allo. Miji 3.500. Mata 3.500. An tara, 7.000. A ƙara kuɗin shiga 1.000. Shekarar farko miji da mata sun zuba 8.000 F, jika takwas. Shekara ta biyu babu kuɗin shiga, saura jika bakwai.

Mai mata biyu fa? Kai uku ke nan. 3.500 sau 3 ya ba da 10.500. Mai mata ɗaya da yara uku da za a rubuta, kai biyar, 17.500. A nan ne magidanci yake fara sosa ƙeya. Gaskiya ne, jika goma sha bakwai da rabi a lokaci guda ba abin wasa ba ne ga manomi.

Amma mu sake duba jika bakwai ɗin nan ta miji da mata. Shekara tana da mako 52. A raba 7.000 da 52, ana samun kusan 135 F. Dala 27 ke nan kowace ranar kasuwa, su biyu. Kowane magidanci ya tambayi kansa nawa yake kashewa ranar kasuwa wajen goro da shayi da tsire. Ban ce a daina shan shayi ba. Na ce dai a ƙirga.

Ba ko'ina kuɗin yake ɗaya ba. Ƴan'uwanmu da suke zuwa bida Abijan sun san tsarin ƙasar Kodebuwa, wanda aka fara karɓar kuɗinsa a shekara ta 2019. Can an yanke 1.000 F ga kowane mutum kowane wata. Miji da mata 2.000 a wata, sau 12, 24.000 F a shekara. Ya ninka na Sanagal fiye da sau uku. Saboda haka in an zo muku da maganar asusu, tambayar farko ita ce: kuɗin nan na wata ne ko na shekara? Ta biyu: na kai ɗaya ne ko na gida duka?

Akwai inda ake haɗa iyali a zubi guda, amma da iyaka. A Najeriya, tsarin da aka fara ma ma'aikatan gwamnatin tarayya a 2005 ya ɗauki ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da yara huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mata ta biyu da sauran yara sai an biya musu dabam. Ku ga inda rigima take kwance. In maigida ya rubuta amarya ya bar uwargida, ko ya rubuta uwargida ya bar amarya, ranar da wadda aka bari ta kwanta gidan nan ba zai zauna lafiya ba. Mai mata biyu ya yi lissafinsa da mata biyu tun farko.

Zubi ba shi ne ƙarshen biya ba

Wannan wuri ku saurara da kyau, don a nan ake samun ɓacin rai. Mutum ya zuba kuɗin shekara, ya zo likita da karnensa, aka ce ya kawo wani abu, sai ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Kusan kowane asusu yana barin wani rabo a kan marar lafiya. A tsarin Sanagal, wajen gidajen likita na gwamnati, asusu yana biyan 80 cikin 100, mutum ya biya 20. A na Kodebuwa asusu 70, mutum 30.

Mu gwada da na 80. Uwargida ta kwanta, kuɗin gado da awon jini da magani suka kama 30.000 F. Kashi 20 cikin 100 na 30.000 shi ne 6.000. Asusu ya biya 24.000, gida ya biya 6.000. Yanzu a tara abin da gidan ya kashe a shekarar: zubi 7.000, da rabonsu 6.000, ya zama 13.000. Da ba su cikin asusu, 30.000 za su nema a kwana ɗaya. Bambanci 17.000 F. Akuyar uwargida ta tsira.

Me ya sa ba a biya ma mutum duka? Don kada a riƙa zuwa karɓar magani ba tare da ciwo ba, ko a karɓa ma maƙwabci. In aka yi haka, asusu zai ƙare kafin damana ta shigo.

Akwai kuma abubuwan da yawanci asusu ba ya ɗauka. Kuɗin amalanke ko motar da za ta kai marar lafiya. Abincin mai jinya. Maganin da babu shi a gidan likita, aka rubuta muku takarda ku sayo a farmasi: wani asusu yana biyan rabi, wani ba ya biyan kome. Maganin ƴan tebur da na masu yawo a kasuwa kuwa, babu asusun da ya san da shi. Saboda haka ko kuna cikin asusu, a bar ɗan wani abu a ƙulle a ɗaki.

In ban yi ciwo ba, ina kuɗina?

Wannan ita ce maganar da ta fi hana mutane shiga, kuma ba maganar banza ba ce. Matanmu sun san adashi. Sun san ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991. Can kowa ya zuba, kowa zai kwasa. Asusun lafiya ba haka yake ba. In shekara ta ƙare ba ku je likita ba, ba a mayar muku da kome. Kuɗinku ya tafi wajen jinyar wani.

Mu duba yadda abin yake tafiya. A ce gari yana da gidaje 100, kowane miji da mata sun zuba 7.000. An tara 700.000 F. A cikin shekara ba duka za su kwanta ba. A ce gida 20 ne suka yi babban ciwo, asusu ya biya ma kowane 24.000. Ya kama 480.000. Sauran ya ɗauki ƙananan ciwo, da takardu, da ɗan ajiya. Da a ce kowa zai karɓi kuɗinsa a ƙarshen shekara, da me za a yi jinyar gida 20 ɗin nan? Babu kuma wanda ya san ko shekara mai zuwa gidansa yana cikin 20 ɗin. Wanda ya yi ma maƙwabcinsa noma ranar gayya ba ya zuwa da maraice ya ce a biya shi.

Daga wannan lissafi za ku gane dalilin wasu dokoki biyu da suke ba mutane haushi.

Ta farko, lokacin jira. Ba a zuba kuɗi yau a fara cin amfani gobe. Wani asusu wata ɗaya ake jira, wani wata uku. In babu wannan doka, kowa zai zauna sai ciwo ya kama shi, sa'an nan ya zo da jika uku da rabi ya kwashi jika ashirin da huɗu. Saboda haka lokacin shiga shi ne yanzu, da kaka, da an sayar da wake ko gujiya. Wanda ya jira damana ya makara sau biyu: babu kuɗi, kuma lokacin jira zai cinye watannin masassara.

Ta biyu, wasu asusun ba su yarda a rubuta mutum ɗaya a bar sauran gida. Sun san wayon magidanta. Maigida zai duba gidansa, ya zaɓi wanda ya fi yawan ciwo, ya rubuta shi kaɗai. In kowane gida ya kawo majinyacinsa ya bar masu lafiya, asusu ya zama na majinyata zalla, ba zai kai ko wata shida ba.

Abin da gwamnati ta riga ta ɗauke

Kada a biya kuɗi kan abin da yake kyauta. A ƙasarmu, tun 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce a asibitin gwamnati. A 2006 aka ƙara da awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar yara waɗanda ba su kai shekara 5 ba. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin ganin likita, da na kwanciya, da na awo a gidajen likita nata, ta kuma ce haihuwa kyauta ce, daga ranar 1 ga Satumba na shekarar.

Wannan ya shafi lissafinmu. Jaririn da yake goye ba dole ba ne a ƙirga shi kamar babba. Ku tambayi masu asusu yadda suke yi da yara ƙanana. Sai dai kowa ya sani, an yi shekaru kuɗin da gwamnati take mayar ma gidajen likita yana makara, magani ya yanke, a rubuta ma uwa takarda ta je ta saya. Kuma kyautar ba ta ɗauki babba mai masassara ba, ko mai hawan jini, ko wanda ya faɗo daga amalanke ya karye. Mace ba haihuwa kaɗai take kai ta likita ba.

Karne yana hannun wa?

Yanzu mun zo inda na fi so magidanta su buɗe kunne. Bayan kaka maza da yawa suna tafiya bida, wasu Yamai, wasu Kano, wasu Abijan ko Libiya. Su yi wata biyar, wata shida. In maigida ya rubuta kansa shi kaɗai don ya rage kuɗi, ya yi asara biyu. Shi yana can inda karnen ba ya aiki. Matar da take nan kusa da likita ba ta ciki. In kuɗin kai ɗaya ne kawai ake da shi, kuma asusu ya yarda, a ganina a rubuta wanda zai zauna gida.

In kuma an rubuta su biyu, kada maigida ya sa karne cikin jakarsa ya tafi da shi, ko ya kulle shi a akwati ya rataya makulli a wuya. A bar shi hannun uwargida. Kafin tafiya a yi magana a fili:

— Uwargida, ga karne. In ke ko yara wani ya ji ba daidai ba, ku tafi likita. Kada ki jira sai kin same ni a waya.

— To, Malam. Rabon da ake biya fa?

— Ga jika biyu, ki ajiye dabam. Na gaya ma Yaya, ya san da maganar.

Maganar ba ta fi haka ba. Amma rashin yinta ya sa mata da yawa sun kwana uku da ciwo suna jiran izni.

Wani abu kuma. Asusu yana ƙulla yarjejeniya da gidajen likita sanannu, ba da kowane ba. A al'adarmu mai cikin fari tana komawa gidan iyayenta ta haihu, ta yi wanka. In garin iyayen yana wata gunduma, karne zai yi aiki can? Ku tambaya tun ciki yana ƙarami. Haka nan in an yi sabon aure a tsakiyar shekara: nawa ne kuɗin ƙara amarya, kuma ita ma za ta yi jira? In aure ya mutu, matar da aka biya ma shekara tana da haƙƙin jinya har shekarar ta ƙare, ko sunanta yana fita ranar da ta bar gida? Ba a son jin wannan tambaya, amma gara a yi ta a gaban masu asusu da a yi ta a ƙofar likita.

Wa zai biya kuɗin matar? Lafiyar iyali tana wuyan maigida, kowa ya san haka. In uwargida tana da sana'a, tana ƙuli-ƙuli ko tana kiwo, ta ce za ta taimaka, wannan alheri ne daga wajenta. Su zauna su shirya. Abin da bai kamata ba shi ne a ce mata kanki naki ne, ki nema.

Kowane zubi da takardarsa

Asusu kuɗin jama'a ne, kuma mun sha ganin yadda kuɗin jama'a yake narkewa. Duk wanda ya karɓi kuɗinku ya ba ku resi. Ku karanta shi a gabansa: suna, yawan kuɗi, kwanan wata, da ranar da zubin zai ƙare. In an rubuta 3.500 ku kuwa 7.000 kuka ba da, ku faɗa nan take. Ku tambayi inda ake ajiye kuɗin, da mutum nawa suke sa hannu kafin a fid da shi. In mutum ɗaya ne yake karɓa, shi yake ajiyewa, shi yake fiddawa, ku riƙe kuɗinku tukuna. Ranar taron shekara ku je, maza da mata, a karanta muku abin da ya shiga da abin da ya fita. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku zauna gaba inda za ku ga littafi.

Aikin aji

Malami ya rubuta wannan a babban allo. Wani magidanci yana da mata biyu da yara huɗu. Biyu daga cikin yaran ba su kai shekara 5 ba, asusun garinsu ba ya karɓar musu kuɗi. Zubi 3.500 F ne ga kowane kai a shekara, kuɗin shiga 1.000 F. Kai nawa zai biya ma? Nawa ne duka a shekarar farko, da tamma, da dala, da jika? Sa'an nan kowa ya je kasuwar garinsu wannan mako ya ji kuɗin tiyar wake, ya ƙirga tiya nawa magidancin nan zai sayar ya cika kuɗin. Bayan haka kowa ya yi lissafin nasa gida.

Ajin da ya gama ya ba malaminsa amsa ya aiko mana. In akwai asusun lafiya a garinku, ku rubuto mana nawa ake zubawa, da abin da yake biya, da abin da ba ya biya, mu buga sauran garuruwa su gani.